'Ya'yan zomayena suna mutuwa bayan yaye, a taimaka da shawara

Abu Fatima, Funtuwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Don Allah a taimaka min, abin ya tsaya min a rai. Zomanyata ta haifi takwas, duk suka rayu, suka yi ɓul-ɓul gwanin sha'awa. Ranar Juma'ar da ta wuce suka cika kwana 28, sai na raba su da uwar saboda ina so in mayar da ita wurin namiji. Na sa su a sabon keji, na zuba musu abincin kajin gidan gona haɗe da dusar masara, kullum da safe kuma yarona yana yanko musu ɗanyar ciyawa a bayan gida, tunda damina ta zauna. Kwana uku lafiya lau. Ranar Talata na tarar da ɗaya a kwance, gindinsa duk ya ɓaci da kashi mai ruwa, kafin azahar ya mutu. Jiya biyu suka bi shi. Ɗaya cikinsa ya kumbura tim, da na ɗaga shi ina jin ruwa yana motsi a ciki. Yanzu saura biyar, biyu sun takure a lungu suna tauna haƙora, ba sa cin komai. Akwai ragowar amoksisilin na ruwa da aka rubuta wa ɗiyata, in ɗiga musu?

Dakta Umar, likitan dabbobi: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai: kada ka ba su wannan maganin, ko ɗigo ɗaya. Amoksisilin, amfisilin, linkomaisin, kilindamaisin, eritromaisin, duk wanda aka ba zomo ta baki yana iya kashe shi ko da lafiyarsa ƙalau. Yanzu ka kwashe abincin kajin da dusar da ɗanyar ciyawar gaba ɗaya. Ka sa musu busasshiyar harawa mai tsabta da ruwa. Ka ware biyun da suka takure a wuri mai ɗumi. Ina asibiti, in na samu sarari zan yi bayani.

Maman Sadiq, Kano: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, ya tsare sauran.

Baba Mai Zomaye, Zariya: Yaro, ciyawar safe ce ta yi maka wannan ɓarna. Shekarata fiye da 20 ina kiwon zomo, ban taɓa yarda a ba ƙanana ciyawa da raɓa a jikinta ba. Da yamma ake yanka ta, a baza a inuwa ta kwana ta yi yaushi, washegari a ba su. Kuma kwana 28 ka yi gaggawa. Ni sai sun yi sati shida nake yaye, in damina ce ma har bakwai. Garaje ba shi kai ka kasuwa da zomo.

Auwal Broiler: Baba da girmanka, amma ni ban yarda laifin ciyawa ba ne. Wannan koksi ce ƙarara, cutar nan mai kama hanji ta sa zawo. Duk mai kiwon kaji ya san ta, da damina take tashi. Kuma maganar abincin kaji da Dakta ya ce a kwashe, ni shekara biyu ke nan da shi nake ciyar da zomayena, suna ƙiba sosai, ban ga komai ba.

Baba Mai Zomaye, Zariya: Manya kake ba ko 'yan yaye?

Auwal Broiler: Gaskiya manya ne, Baba. Nakan sayo masu wata uku in ƙara musu jiki in sayar da sallah.

Baba Mai Zomaye, Zariya: To ka gani. Cikin ɗan wata uku daban, cikin ɗan sati huɗu daban.

Sani Gwarzo: Ni shawarata a janye musu ruwa har zawon ya tsaya. A garinmu ma ba a ba zomo ruwa, ganyen da yake ci ya ishe shi.

Dakta Umar, likitan dabbobi: Malam Sani, don Allah kada a yi haka. Abin da yake fara kashe ɗan zomo mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Dabbar da ba ta kai rabin kilo ba, awa kaɗan ya isa ta bushe. Abu Fatima, ka tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, ka zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, irin dai wanda ake yi wa yara. Ka cire allurar sirinji, ka riƙa ɗiga musu ta gefen baki kaɗan-kaɗan, da ɗumi-ɗuminsa.

Bari in faɗi yadda cikin nan yake aiki, don Baba da Auwal kowa yana da gaskiya ta wani ɓangare.

Zomo yana da wata babbar jaka a inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba. A cikinta ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke narkar da ciyawa. Jariri ba a haife shi da su ba. Muddin yana kan nono zalla, tumbinsa da ƙaramin hanjinsa kusan babu ƙwayoyin cuta, saboda akwai wani irin kitse a nonon uwar da yake kashe su. Wajen kwana 16 zuwa 18 yakan fara ɗan gatsar abin da ya samu a akwatin haihuwa, har da 'yan ƙwayoyin kashin da uwar take bari a ciki, ta nan yake samun irin bakteriyar da zai rayu da ita. Daga sati uku zuwa wajen sati takwas jakar nan tana kan ginuwa ne, tsamin tumbinsa ma bai gama kai na babba ba. To a daidai wannan gaɓa aka cire masa nono, aka canza masa ɗaki, aka cika masa gaba da masara. Sitacin da ƙaramin hanjinsa bai iya narkarwa ba sai ya gangara cikin jakar, mugayen ƙwayoyin su samu abinci su yi yawa, su saki guba da iska. Shi ne kumburin da ruwan da kake ji. Zomo kuma ba ya iya amai, abin da ya shiga sai dai ya bi ta ƙasa.

Dalilin hana amoksisilin ma ke nan. Yana share masu amfanin, ya bar wa masu gubar fili.

Abincin kaji an haɗa shi ne don tsuntsu, hatsi ya yi yawa, abu mai kaushi ya yi kaɗan. Bayan haka wasu ana zuba musu maganin koksi na kaji wanda shi kansa guba ne ga zomo. Auwal, naka sun tsira ne saboda sun girma, wataƙila kuma kana ba su ganye a gefe.

Auwal Broiler: Ina ba su harawar wake kam, kullum tana rataye. Amma Dakta koksin fa? Ka kore ta ke nan?

Dakta Umar, likitan dabbobi: Ban kore ta ba. Tana cikin manyan abubuwan da suke kashe 'yan yaye, sau da yawa ma tare suke zuwa da matsalar abinci. Sai dai koksin zomo daban take da ta kaji, ba sa ɗaukar ta juna. Uwar tana iya ɗauke da ita ba tare da ta nuna komai ba, tana zubar da ƙwanta a kashi. Akwai mai kama hanji, akwai mai kama hanta. Da ido ba za a rantse ba, sai an duba kashin a madubin asibiti. Abu Fatima, in wani ya sake mutuwa kada ka yar, ka kai shi asibitin dabbobi mafi kusa da kai tun bai lalace ba, tare da sabon kashin sauran.

Abu Fatima, Funtuwa: Na gode ƙwarai Dakta, na gode Baba. Na kwashe komai. Wallahi sirinjin yana hannuna da maganin a ciki lokacin da na ga saƙonka. Na samo harawar gyada wurin wani maƙwabci mai tumaki, ragowar ta bara ce. Za ta yi?

Baba Mai Zomaye, Zariya: Ka sunsuna ta tukuna. In ka ji warin rima ko ka ga fari-fari ko baƙi-baƙi a karan, kada ka ba su. Ta bara a tsakiyar damina sai an yi hattara. Ka zaro ta tsakiyar dami, ka kakkaɓe ƙasar, ka shanya ta a rana in ta fito. Kuma kada ka zuba a ƙasan keji su taka su yi kashi a kai. Ka lanƙwasa 'yar waya ka rataye ta a jikin keji daidai bakinsu. Haka kwanon ruwa, a wanke kullum.

Dakta Umar, likitan dabbobi: Wannan magana ta Baba a riƙe ta. Zomo ba ya jure gubar funfuna ko kaɗan, ko a harawa, ko a masara, ko a ƙuli-ƙulin da wasu suke daka musu. Ratayewar ma tana da dalili: ƙwan koksi ba ya kama dabba a ranar da ya fito, sai ya yi kwana ɗaya ko biyu a danshi da ɗumi sannan ya nuna. Wanda yake share kashi kullum ya yanke mata hanya. Yawancin magungunan wanke ɗaki ba sa kashe ƙwan, tafasasshen ruwa da wuta da bushewar rana sun fi yi masa illa.

Maman Sadiq, Kano: Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa matsalar tunda masana suna nan. Tawa zomanyar ta haihu kwana huɗu ke nan, guda shida, amma ban taɓa ganin ta shiga akwatin ba. Tana can gefe abinta tana cin ganye, ko kallonsu ba ta yi. Tausayi ya kama ni, jiya da daddare na dama madarar gari na ba biyu da ɗan cokali. Yau da safe ɗaya ya mutu, madara tana fitowa ta hancinsa. Na kasa cin abinci. In ci gaba da ba sauran ko yaya zan yi?

Baba Mai Zomaye, Zariya: Hajiya, tsaya tukuna. Wanke hannu ki je ki ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ba ki ba komai ba, ki juya shi ki dubi cikinsa. Ki gaya mana abin da kika gani.

Maman Sadiq, Kano: Baba an ce in aka taɓa su uwar za ta ƙi su, ko ta cinye su.

Baba Mai Zomaye, Zariya: Zomanyar da ta saba da hannunki ba za ta ƙi su ba. Ni kullum da safe sai na ƙirga nawa, don in fitar da wanda ya mutu kafin ya ruɓe a cikin gashin. Ki shafa ta tukuna, sannan ki taɓa su. Je ki duba.

Maman Sadiq, Kano: Na duba. Cikinsu a cike yake, ya yi zagaye kamar sun haɗiyi ƙwallo, fatar a miƙe tana sheƙi, har ina hango fari-fari ta gefen ciki. Jikinsu da ɗumi, da na sa hannu sai suka yi ta zillo. Ɗaya ne kawai ƙarami, fatarsa ta ɗan yi tamoji.

Baba Mai Zomaye, Zariya: Alhamdu lillahi. Farin nan da kika hango nono ne. Tana shayar da su, ke ce ba kya gani. Zomanya sau ɗaya take shiga a kwana, wani lokaci sau biyu, galibi cikin dare ko da asuba, minti uku zuwa biyar ta fito. Haka Allah ya yi ta, a daji in ta zauna a bakin rami ta nuna wa maciji da muzuru inda 'ya'yanta suke. Ki ajiye cokalin nan. Ki cika mata ruwa, mai shayarwa tana iya shanye lita guda a rana, in babu ruwa babu nono.

Shi ƙaramin, 'yan'uwansa ne suke ture shi. Gobe da sassafe ki zauna ki ɗora uwar a cinyarki, wani ya riƙe ta a hankali yana shafa kanta, ki sa shi a ƙarƙashinta shi kaɗai ya sha minti biyu ko uku. Kwana uku kika yi masa haka zai kamo su. In jikinsa da sanyi ki fara ɗumama shi a tafin hannu ko cikin zani, wanda ya yi sanyi ba ya iya tsotso.

Maman Sadiq, Kano: Innalillahi. Ashe da hannuna na kashe shi. Allah ya yafe min.

Dakta Umar, likitan dabbobi: Hajiya kada ki ɗora wa kanki, niyyarki taimako ce, kuma kusan duk sabon mai kiwo ya taɓa yin wannan. Madarar ta bi hanyar numfashi ne ta shiga huhu. Ɗayan da kika ba, ki mayar da shi cikin 'yan'uwansa, ki sa ido a kansa.

Ko da bai shaƙe ba, madarar shanu ba ta dace da su ba. Nonon zomanya yana da kitse wajen kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari, sinadarin gina jiki ma kusan haka, sukarin madara kuwa bai kai kashi 2 ba. Na saniya kitsensa bai cika kai kashi 4 ba, sukarinsa ya kusa kashi 5. Ga shi ya yi tsarari ba zai ƙosar da su ba, ga sukarin da zai sa su zawo. Shi ya sa shan minti biyar yake riƙe su kwana guda.

Issoufou, Maraɗi: Salamu alaikum jama'a. Ni tawa uwar mutuwa ta yi da gaske, zafin watan huɗu ya kashe ta ta bar min biyar 'yan kwana takwas. Da nonon jar akuyarmu ta Maraɗi na raine su. Ina tatsowa in tafasa, in bari ya huce har in ɗiga a bayan hannuna in ji ɗumi kawai, wani lokaci in kaɗa ɗan gwaiduwar ƙwai a ciki. Safe da dare. Ba a kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, a tsaye nake riƙe shi cikin tsumma, kansa sama kaɗan, in ɗora ɗigo ɗaya a leɓensa in jira ya lashe. Ranar farko ɗaya yakan ci min kusan rabin awa. Bayan ya sha sai in jiƙa auduga da ruwan ɗumi in shafa masa mara har ya yi fitsari, don uwar ce take lashe su. Idonsu ya buɗe a kwana na 11. Uku suka rayu, biyun sun mutu ne daidai lokacin da suka fara cin ganye, ba lokacin madara ba.

Dakta Umar, likitan dabbobi: Malam Issoufou ka yi ƙoƙari, uku cikin biyar ba ƙaramin abu ba ne a rainon hannu. Nonon akuya ma bai kai na zomanya kauri ba, amma ya fi na shanu sauƙin narkewa, kuma irin kitsen nan mai kare ciki ya fi yawa a cikinsa. Biyun da suka mutu a farkon cin ganye, mai yiwuwa rashin bakteriyar uwa ne. Abin da ake yi wa marayu, in idonsu ya buɗe, a samo kashin dare na babban zomo mai lafiya a murje kaɗan a cikin madararsu na wasu kwanaki.

Sani Gwarzo: Kashi kuma Dakta? A ba su kashi su ci?

Dakta Umar, likitan dabbobi: Zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshen mai ƙwaya-ƙwaya da kowa ya sani. Akwai kuma mai laushi, ƙanana manne da juna kamar nonon inabi, yana sheƙi, yana da wari. Wannan daga jakar can yake fitowa, kuma zomo yana lanƙwasawa ya karɓe shi daga dubura ya haɗiye, yawanci cikin dare ko da safe. Abinci ne a wurinsa, akwai bitamin da sinadarin gina jiki da bakteriya masu amfani. Ba a cika ganinsa ba sai in zomo ya ƙoshi da hatsi ya bar shi a ƙasa, mutane su ɗauka zawo ne su hau ba da magani. Zawo na gaske ruwa ne, ba shi da siffa, yana ɓata gindi da ƙafafu. Akwai kuma mai fitowa kamar majina fara mai yauƙi, wannan ma a 'yan yaye ake yawan ganinsa, kuma ba a jira da shi.

Baba Mai Zomaye, Zariya: Ni maganin maraici tun ranar barbara nake yinsa. Mata biyu nake kaiwa wurin namiji rana ɗaya, bayan kwana 31 ko kusa da haka su haihu tare. In ɗaya ta mutu, ko ta haifi goma ɗayar ta haifi huɗu, sai in raba. A cusa baƙon a tsakiyar gashin sabon akwati da safe, kafin dare ya ɗauki warin gidan. In tazararsu ba ta wuce kwana biyu ko uku ba, ban taɓa ganin an ƙi shi ba. Babu sirinjin da zai kamo wannan.

Auwal Broiler: Baba to in ba abincin kaji ba, me za a ba 'yan yayen? Harawa kaɗai ba za ta sa su girma ba ai.

Baba Mai Zomaye, Zariya: Abin da uwarsu take ci, shi za su ci, tun suna tare. Harawar gyada ko ta wake ba ta yankewa a gabansu. Dusar alkama 'yar kaɗan, ko abincin zomo na buhu in ka samu mai kyau, tafi ɗaya ba cika kwano ba. Ganyen dankali da zogale in sun yi yaushi, a fara da ganye ɗaya biyu, a duba kashinsu washegari. Kabeji da latas da ganyen rogo ba na kai su kusa da ƙanana. Duk sabon abu sai ya yi sati zuwa kwana goma ana ƙara shi a hankali. Ranar yaye kuma uwar ake ɗaukewa, a bar su a ɗakin da suka sani. Ciyawar bakin gona a tambaya ko an yi feshi.

Auwal Broiler: Na karɓa Baba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa akwai koksi a wurin Abu Fatima.

Abu Fatima, Funtuwa: Assalamu alaikum, ga yadda ake ciki. Ɗaya daga cikin biyun ya mutu daren Alhamis. Da safe na naɗe shi na kai asibitin dabbobi tare da kashin sauran. An buɗe shi a gabana. Hantar lafiya lau babu ɗigon fari, amma jakar nan da Dakta ya faɗa ta cika da ruwa mai wari da iska, bangonta ya yi ja. A kashin kuma sun ga ƙwan koksi. Likitan ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya ba da maganin koksi da zan sa musu, har da uwar, ya yi wa mara lafiyar allurar ruwa a ƙarƙashin fata. Na zuba wa kejin tafasasshen ruwa na shanya shi yini guda.

Yau Lahadi, huɗun suna nan. Mara lafiyar jiya da yamma na gan shi ya jawo karan harawa yana gatsa, yau kuma na ga ƙwayoyin kashi ƙanana busassu a ƙarƙashinsa. Baba, uwar na riga na kai ta wurin namiji tun Asabar ɗin da ta wuce, yanzu yaya zan yi da yaye na gaba?

Baba Mai Zomaye, Zariya: Madalla, Allah ya raya su. In ta ɗauka ta riga ta ɗauka, ka kula da cinta da ruwanta. In ta haihu kada ka mayar da ita wurin namiji sai 'ya'yan sun kai sati huɗu ko biyar, ta haka za su samu sati shida a gindinta kafin cikin ya yi nauyi. Kuma tun yanzu ka yi magana da masu gyada, da kaka ta yi ka sayi harawarka ka ɗora a kan rumfa inda ruwa ba ya taɓawa.

Maman Sadiq, Kano: Nawa ƙaramin ma ya sha kwana uku a jere, Baba, yau da ƙyar na bambance shi da sauran. Sadiq ne yake riƙe min uwar. Yaushe zan fara sa musu harawar a akwati?

Baba Mai Zomaye, Zariya: Da zarar idonsu ya buɗe, Hajiya. Ki zaɓi mai laushi, ki kakkaɓe ƙurar, ki sa 'yar kaɗan a gefe ɗaya. 'Yan ƙwayoyin kashin uwar da za ki gani a ciki kada ki kwashe su duka.